Canza Kesin Gem na Hannu: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Shago

Sana'ata gyaran waya ce a nan cikin garin Sakkwato, amma an daɗe da fara ajiye mini gem na hannu a kan tebur. Wani PSP ne yayansa ya bar masa, wani Game Boy ne ya tsinto a ƙasan akwatin tsofaffin kaya, a 'yan shekarun nan kuma ga Switch ya shigo gari. Kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: "Malam, a canza mai riga." Abin da suke nufi shi ne kesin, wato kwanson robar da ya rufe inji da sikirin da batir, wanda wasu ke ce wa gida. Tambayoyin nan sun yi ta dawowa har na ga gara in tara amsoshinsu wuri guda, don amfanin mai son yi da hannunsa da kuma mai son kai wa wani.

Gem ɗina ya ɗan goge ne kawai, ya yi tabo-tabo. In canza masa kesin?

A'a, ɗan'uwa, bar shi. Wannan ita ce amsar da na fi bayarwa, ko da yake ita ce ke hana ni samun kuɗin aiki. Robar da Nintendo ko Sony suka zuba wa na'urarsu tun daga kamfani ta fi yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu ƙwari da zama daram. Game Boy na farko ya fito a 1989, kuma har yau akwai waɗanda kesin ɗinsu bai tsage ba. Duk buɗewar da za a yi wa gem akwai haɗarin tsinka wata siririyar waya ko karya wani ɗan haƙori, kuma abin da ke ciki ya fi abin da ke waje wuyar samu nesa ba kusa ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Canji yana zama dole ne idan kesin ya tsage har ƙura na shiga, ko ramukan noti sun farfashe har gaba da baya ba sa haɗuwa, ko gaɓar da ke buɗewa da rufewa ta karye a irin su DS, gem ɗin Nintendo mai sikirin biyu da ake naɗewa, ko batir ya kumbura ya banƙare bayan. Ko a nan ma, duba ko ɓangare ɗaya zai wadatar. Murfin batir, robar da ke kare sikirin da fuskar gaba ta PSP duk ana sayar da su daban-daban.

Maɓallina ba ya amsawa sai na danna da ƙarfi. Sabon kesin zai gyara shi?

Da wuya. A yawancin tsofaffin gem, ƙarƙashin maɓalli akwai wata roba mai laushi da ɗan baƙin ɗigo a cikinta, shi ke taɓa fanel, wato allon injin da ke ciki. Gumi da ƙura su ke taruwa a wurin. Wankewa ce maganinsa, ko a sa sabuwar roba idan ta yage. Haka ma sandar Joy-Con (hannun wasan Switch da ake zarewa) da ke tafiya ita kaɗai ba a taɓa ta ba: ciwon yana cikin sandar ne, ko kesin goma ka canza yana nan.

Ta yaya zan gane kesin da zai dace da nawa?

Juya gem ɗin ka karanta lambar samfurin da ke jikin sitika, kada ka dogara da kama. Game Boy na farko DMG-01 ne, Game Boy Color CGB-001, Advance mai faɗi AGB-001, SP mai naɗewa kuma AGS-001 ko AGS-101. DS Lite lambarsa USG-001. Switch na 2017 HAC-001 ne, Lite HDH-001, mai sikirin OLED kuma HEG-001, kuma kesin ɗin ɗayansu ba ya shiga ɗaya.

Inda aka fi yin asara shi ne PSP. Lambarsa tana cikin ramin batir, sai ka cire batirin za ka gan ta. PSP-1000, wanda ya fara fitowa a Japan a ƙarshen 2004, ya fi kauri da nauyi, ba a rikita shi da sauran. Amma PSP-2000 na 2007 da PSP-3000 na 2008 kamar an tsaga kara suke ga wanda bai saba ba. Alamar da za ka duba ita ce maɓallin ƙasa ta hagu. A 2000 an rubuta HOME, a 3000 kuwa tambarin PlayStation ne, sannan 3000 yana da ɗan ramin makirfo a ƙasan sikirin. Na sha ganin wanda ya jira kaya sati da sati, da suka iso aka tarar na ɗayan ne.

A ina ake samun kesin a Sakkwato?

A gaskiya ba kaya ba ne da ake jibgewa a shaguna kamar kesin waya. Za ka iya tambayar masu kayan waya da masu shagon gem na cikin gari, amma galibi saƙo ake bayarwa, ko dai Kano wajen 'yan kasuwar waya ta Farm Centre, ko Legas a Alaba da Computer Village ta Ikeja. Masu sayayya ta intanet kuma suna yin oda daga Sin ta AliExpress, sai dai a shirya wa jira. Daga cikin sunayen da aka sani a harkar akwai eXtremeRate, masu yin na Switch da Steam Deck (shi ma gem na hannu ne), da FunnyPlaying masu yin na dangin Game Boy.

Akwai hanya ta uku da na fi so: a nemi mataccen gem irin naka, wanda injinsa ya ƙone amma jikinsa lafiya. Ka samu kesin na asali ke nan, ga notuna, ga maɓallai, ga robobi na ajiya. Ka bar sallahu wurin masu gyara da masu gwanjon kayan lantarki, wata rana za a kira ka.

Idan oda za ka yi, ka duba hotunan da masu saye suka ɗauka da kansu, ba na mai talla ba. Araha ba ta ado. Kesin mafi araha shi ne wanda za ka kwana kana kankare masa gefe da reza.

Waɗanne kayan aiki nake bukata?

Na farko sukundireba mai kyau, wadda ta dace da kan notin daidai. Nintendo suna amfani da noti mai baki uku, kamar harafin Y. Na Game Boy ya ɗan fi girma, na Joy-Con kuwa ƙaramin nan ne da ake kira Y00. PSP notinsa mai baki huɗu ne irin na waya, ƙanana. Sau da yawa mai sayar da kesin yakan haɗo da 'yar sukundireba kyauta. Ƙarfenta laushi gare shi, ita ce kan gaba wajen cinye kan noti, don haka ka nemi ta kirki wurin masu kayan gyaran waya.

Sai matsefata mai siririn baki, da abin ɓamɓarewa na roba (tsohon katin banki ma ya isa), da auduga mai tsinke, da sifirit ɗin da ake wanke fanel da shi. Kada ka sa wuƙa ko bakin almakashi a tsakanin kesin. Sannan ka samo kiret ɗin ƙwai, kowane rami ka zuba notunan mataki guda. Notunan nan tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda fuskar kesin ko ya taɓa fanel. Wayarka ma kayan aiki ce: ɗauki hoto kafin ka cire kowane abu.

Kan notin ya cinye, sukundireba sai juyawa take yi. Mi za ni yi?

Tsaya nan, kada ka ƙara murɗawa. Ɗora siririn kyauron roba a kan notin, ka danna sukundirebar da ƙarfi ta samansa, ka juya a hankali. Sau da yawa yana kamawa. In ya ƙi, kuma dama tsohon kesin ɗin ya riga ya mutu, a yanke robar da ke kewaye da notin a kama shi da filaya. Ka ga ai gara a sadaukar da robar da za a yar da a ɗauko abin huda ƙarfe a kusanci inji.

Gaskiya ne bai kamata a buɗe gem a lokacin hunturu ba?

Ana buɗewa, amma da shiri, domin yanayinmu yana da nasa hukunci. Matsala biyu ce. Ta farko ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san ko ka share ɗaki da asuba, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta maƙale tsakanin sikirin da robar da ke kare shi, kullum ka kunna sai idonka ya sauka a kanta. Abin da nake yi shi ne in rufe taga, in kashe fanka, in yayyafa ruwa a ƙasa, in jira ƙurar ta kwanta. Fatar da ke manne a cikin sabon gilashi kuma ba na ɓare ta sai daidai lokacin da zan kifa shi.

Ta biyu ita ce wutar jiki, irin tartsatsin nan da kake ji yana ƙara idan ka yaye bargo ko ka cire rigar sanyi da dare. Busasshiyar iska ke haifar da ita, kuma tana iya kashe ƙananan sassan fanel ba tare da ka ga komai ba. Kada ka yi aiki a kan kafet ko bargo. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka ɗauki fanel, kuma ka riƙe shi ta gefe-gefe. Da damina, bayan an ɗauke ruwa, aikin ya fi daɗi. Kuma a yi shi da rana, kada a ɗauke wuta kana riƙe da sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Batirin fa? Sai an cire shi?

Shi ne farkon abin da ake cirewa, shi ne na ƙarshen mayarwa. DS Lite yana da ƙananan fis guda biyu a kan fanel, kuma aiki da batir a jiki yana daga cikin abin da ke ƙona su.

Ina roƙon kowa ya kula da wannan: batirin da ya kumbura ba a danna shi, ba a huda shi, ba a tilasta masa murfi. Batiran PSP sun yi suna wajen kumburi idan sun tsufa, ga kuma zafinmu na bazara da ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. Idan murfin baya ya fara ɗagowa da kansa, ba kesin ne ya lalace ba, batir ne ke turo shi. Cire shi, ka ajiye shi a kan siminti nesa da katifa da yara, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Tsofaffin Game Boy masu cin batirin rediyo kuwa, matsalarsu farin garin nan ne da ke taruwa idan batir ya zube a ciki. Ɗan ruwan khal ko na lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi, sai a bi da sifirit a bar shi ya bushe.

Wanne ne mai sauƙi, wanne ne zan bar wa mai gyara?

Game Boy Advance mai faɗi, na 2001, shi ne makarantar koyo. Notuna bakwai ne a baya, shida masu baki uku, ɗaya mai baki huɗu a cikin ramin batir. Ka ɗaga baya, ka kwance fanel, ka saki fileks ɗin sikirin, wato siririyar wayar nan mai kama da kaset. Wurin da ake jin tsoro shi ne ɓamɓaro sikirin, don an manne shi da fuskar. Kada ka danna shi ta gaba. Ka ɗan murɗa tsohon kesin ɗin hagu da dama, gam ɗin zai saki da kansa.

PSP kashi biyu ne. Canza fuskar gaba kaɗai aikin 'yan mintuna ne, sai dai a tuna akwai noti a ɓoye ƙarƙashin sitikar ramin batir. A PSP-1000 sandar analog a jikin fuskar take, kuma akwai wata 'yar roba da ke haɗa ta da fanel, in ta faɗi ba ka lura ba sandar ta daina aiki. Canza kesin gaba ɗaya kuwa wani babi ne: sai an fitar da sikirin, fanel, sifiku da injin faifan wasan da ake kira UMD, sannan a mayar da sifirin ɗin ƙofar faifan yadda yake. Ka ware masa yini.

DS Lite na 2006 shi ne wanda na fi ce wa mutane su kawo. Abin tausayi, shi ne kuma ya fi bukatar canjin, domin gaɓarsa ta shahara da tsagewa. Fileks ɗin sikirin na sama sai an naɗe shi kamar tabarma an zura ta cikin ramin gaɓar, tare da wayar makirfo da ta eriya. Lanƙwasa ɗaya mai kaifi ta isa ta kashe sikirin. Akwai ranar da wani yaro ɗan sakandare ya shigo mini da nasa a ƙulle cikin leda, ya kai har wannan matakin shi kaɗai, fileks ɗin ya tsinke a hannunsa. Na mahaifinsa ne da ya rasu. Sai da muka yi wata biyu kafin aka samo sikirin daga Legas, kuma ban manta yadda yake leƙowa shago kowace Juma'a yana tambaya ba. Wani tarkon kuma yana wajen rufewa: madannin kunnawa da na ƙara sauti dole su yi daidai da 'yan haƙoransu na kan fanel, in ba haka ba suna karyewa da ka matse bayan.

Joy-Con notuna huɗu ne a baya, masu laushin kai. Buɗe shi ake yi kamar littafi, domin akwai fileks biyu da ke riƙe da gefen da ke zamewa cikin na'urar. Na dama ya fi na hagu wahala saboda kyamarar infrared da eriyar NFC da ke cikinsa. Bayan Switch ɗin kansa ba shi da wuya, amma fuskar Switch Lite sai an gasa gam an ɗago gilashin taɓawa, wannan na mai gyara ne. Masu Switch da Steam Deck kuma, ku zare katin memori kafin ku ɗaga baya. A Steam Deck kesin yana karya katin gida biyu idan an manta shi a ciki.

Sabon kesin ya ƙi karɓar noti, ko kuma ya tsage da na ɗaure.

Ramukan sabon kesin ba su da haƙori, notin ne ke yanka wa kansa hanya a karon farko. Don haka tun kesin yana fanko, ka bi kowane rami ka shigar da notinsa a hankali: juyi ɗaya gaba, rabi baya, har ya zauna, sannan ka fitar. Lokacin haɗawa, fara juya notin baya har ka ji ya ɗan faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, sai ka ɗaure. Da ka ji ya tsaya, ka tsaya. Ba tayar mota ba ce. Idan kuma gaba da baya suka ƙi haɗuwa, akwai abin da ya tokare, wataƙila waya ce ta hau kan turken noti. Buɗe ka duba. Sufa gulu kuwa kada ya kusanci wurin, tururinsa yana barin farin hazo a kan sikirin wanda ba ya gogewa.

In sa maɓallan da suka zo da sabon kesin, ko in mayar da tsofaffin?

Mayar da tsofaffin matuƙar lafiyarsu lau, musamman robobin ƙarƙashi. Wanke su da ruwa da sabulu, su bushe sarai. Hannunka ya saba da su, kuma sun fi daɗin dannawa. Notunan asali ma haka, ƙarfensu ya fi. Tsohon kesin ɗin ma kada a yar, a ɗaure shi a leda a ajiye.

Na haɗa komai, ya ƙi kunnawa. Na kashe shi ke nan?

Kwantar da hankalinka, yawanci fileks ne bai shige har ƙarshe ba, ko ba a rufe ɗan maƙullinsa ba. A DS Lite alamar a fili take: koriyar fitila ta kama, sikirin ɗaya ya yi walƙiya, sai ya mutu. Cire batir, ka sake zura kowane fileks a miƙe. Shi ya sa ake gwadawa kafin a ɗaure notunan waje: hoto, sauti, kowane maɓalli, da caji.

Wasannin da na adana za su goge?

Ba za su goge ba. Na PSP suna kan katin Memory Stick, na Game Boy da DS suna cikin kaset ɗin wasan, na Switch kuma suna cikin ma'ajiyar injin. Kesin roba ce kawai.

Farin kesin ya koma ruwan ɗorawa. Wankewa zai dawo da shi? Ko in yi masa fenti?

Wannan ba dauɗa ba ce. Irin robar da ake kira ABS haka take rinewa idan rana da zafi sun daɗe suna dukanta. Wasu suna jiƙa fankon kesin a ruwan haidirojin na kemis su shanya a rana, yana yin fari kuwa, amma launin yakan dawo bayan wani lokaci, kuma wani sa'in yana fitowa dabbare-dabbare. Fetur, tina da ruwan goge jan farce kuwa cin robar suke yi. Ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa.

Fenti ba na ba da shawararsa a garin nan. Gumin hannu da zafi suna ɓare shi daga gefe cikin ɗan lokaci. Haka kesin mai ƙyalli kamar azurfa, da mai laushin taɓawa kamar fata, wanda yakan koma danƙo idan ya sha zafi. Mai gani-har-hanji yana da kyau ƙwarai, samari suna son sa, sai dai duk ƙurar da ta shiga a fili take, kuma ya fi saurin tsagewa a ramin noti.

Malam, na ɗana ƙaramin nan ne mai wasanni 400 a ciki, ya faɗi ya fashe. Ana samun kesin ɗinsa?

Hajiya, irin wannan kuɗin nemo kesin da na aiki za su kai na sabo ko su wuce. In injin yana aiki, a ɗaure tsagin da salatif mai ƙarfi ta waje, a tabbatar murfin batir yana rufuwa don kada yaro ya kai ga batirin. Idan kuma Switch ne sabo da ke da garantin shago, a fara mayar wa mai shagon kafin kowa ya sa masa sukundireba.

An gama, ya yi kyau. Yaya zan yi ya daɗe?

Kada a bar shi cikin mota a rufe da rana, ko a ƙarƙashin sirdin babur, ko a bakin taga. Kada a sa shi a aljihun baya a hau kabu-kabu, yawancin fuskokin PSP da na canza a nan suka tsage. In za a ajiye shi wata da watanni, a cire batirin. Sannan ga wata dama da muke da ita a Sakkwato: dukawanmu. Kai musu gem ɗin su auna, su ɗinka masa jaka ta fatar jar akuya. Ka ce su sa shafi mai laushi a ciki, su ɗan ƙara kauri ta ɓangaren sikirin, kuma marufin ya zama na igiya ko maɓallin fata, kada a sa zif ɗin ƙarfe da zai riƙa gogar gefen kesin.